KIFI NA GANIN KI MAI BAƘAR KYAMARA

Yau dai sai ku yi mini uzuri, domin babu saurayi babu budurwa, babu kishiya balle uwar miji a cikin wannan rubutu. Magana ce a kan kyamara da kifi. Na san tuni wasunku sun taɓe baki suna cewa baiwar Allah ta rasa abin rubutawa, to ku dai daure ku biyo ni, don kuwa kuɗi tsababa na zubar a wannan hanya, kuɗin da na ware domin buga littafi, kuma ba na fatan wani ya taka sawuna.

Asalin abin akwatin gilashi ne da yara suka matsa mini lamba na ajiye a falo. Da farko 'yan jajayen kifin nan ne irin na ƙasar Sin a ciki, daga baya aka kawo mana ƙananan karfasa da wani kurungu ɗan mitsitsi. Yaran suka yi ɗokinsu na wata biyu suka watsar, ni kuwa da na fi kowa mita sai ga shi ni ce na kamu. Idan dare ya raba, rubutu ya cije, gaban akwatin nan nake jawo kujera in zauna in zuba musu ido har labarin ya warware mini. Ana nan sai wata rana tunani ya zo mini: me zai hana in ɗauki hoton kurungun nan da hannuna in sa a bangon littafin da nake rubutawa? Kun dai san halin bangon littattafanmu, hoton wata 'yar Indiya ko Balarabiya da aka kwaso a intanet, ba ta san mu ba, ba mu san ta ba, ba ta kuma san ta zama Hausa-Fulani a Kano ba. Na gaji da wannan.

Na shirya na nufi wani shago da ake sayar da kayan hoto. Yaron shagon na ganina ya miƙe, "Hajiya sannu da zuwa, wace iri za a ba ki?" Na ce wadda za ta ɗauki kifi. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Hajiya ai wannan ko tsuntsun da ke kan hasumiya za ta kamo miki." Ya ɗauko mini baƙar kyamara mai nauyi, ya haɗa mini da dogon ido, wato abin nan da masu sana'ar ke kira lens, an rubuta 75-300mm a jikinsa, ya yi ta karanto mini yawan megafiksel kamar mai kirari. Ban nemi shawarar kowa ba, na ƙirga na ba shi. Ba zan ɗora masa laifi duka ba, shi kasuwarsa yake ci, ni ce na tafi da kuɗi a jaka babu ilimi a ka.

Da na dawo gida na auna kifi sai ido ya yi ta kai da komo, zuuu zuuu, ya ƙi tsayawa. Ashe irin wannan dogon ido ba ya iya saita abin da ya matso shi ƙasa da mita ɗaya da rabi. Na ja baya, na ƙara ja, har na dangana da bango. Da ya saitu na danna, walƙiyar kyamara ta tashi, hoton da ya fito farin haske ne ɓaro-ɓaro a tsakiyar gilashi, gefe guda ga inuwata da atamfata da labulen falo, kifi kuwa sai wani jan zane kamar an goga janbaki a madubi. Hoto sama da ɗari na ɗauka a daren nan, babu ko ɗaya da zan iya nuna wa mutum. Tirƙashi! Nan na tuna da karin maganar nan, kifi na ganin ka mai jar koma.

Wanda ya cece ni wani dattijo ne a unguwarmu, tsohon mai hoto tun zamanin da ake wanke fim a ɗaki mai duhu. Na kai masa kayan, ya juya su ya sake juyawa, ya ce, "'Yata, kyamarar ba ta da laifi. Kin sayi doki ne kika ɗaura masa linzamin raƙumi." Na ce, "To Baba yaya za a yi?" Ya ce in zauna. Abin da zan faɗa daga nan rabi daga bakinsa na ji, rabi kuma jiki ne ya gaya mini.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, mai son ɗaukar hoto don nishaɗi, balle hoton kifi a akwati, kada ya zuba kuɗinsa a uwar kyamara. Ya sayi uwa mai sauƙin kuɗi ko da ta hannu ce, ragowar ya kashe a kan ido da haske. Masu shago akasin haka za su gaya maka, domin a jikin uwar ake rubuta manyan lambobin da ke ruɗar mutum. Mu ɗauki megafiksel ɗin da aka yi mini kirari da shi. Mu marubuta mun san girman bangon littafi, bai wuce A5 ba, wato milimita 148 da 210. Idan za a buga shi tsaf a kan ɗigo 300 a kowane inci, abin da ake bukata bai kai megafiksel 5 ba. Ko cikakken shafin A4 ne bai kai 9 ba. Ke nan tsohuwar kyamara mai 16 ko 18 ta ishe ka har ka yanke gefe ka zubar. To kuɗin me za ka biya a kan 45?

Matsalar akwatin kifi haske ce. Idonmu yana yaudarar mu, mu ga akwati fes da fitilarsa, amma a wurin kyamara duhu ne idan aka kwatanta da tsakar gida da rana. Ga shi kuma kifi ba amarya ba ne da za ka ce ta tsaya ta yi murmushi. Kafin ka tsayar da kifi mai iyo a hoto sai kyamara ta ƙifta da sauri, kamar 1/250 na daƙiƙa, mai nawa ma yana bukatar 1/125. Ƙiftawa da sauri kuwa tana nufin haske kaɗan ne zai samu shiga, don haka dole ƙofar idon ta buɗe da faɗi. Wannan faɗin shi ne lambar da ake rubutawa da harafin f, kuma abin a juye yake, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Idon da ake haɗowa da yawancin ƙananan kyamarori, 18-55mm, idan ka zuƙo shi zuwa 55 ƙofarsa ba ta wuce f/5.6. Shi kuwa ɗan guntun idon nan 50mm f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wancan. Lissafin a fili yake: inda wancan zai tilasta maka 1/25, kifi ya zama janbaki, wannan zai ba ka 1/250 a ƙarƙashin fitila ɗaya.

Abin daɗin shi ne wannan ɗan ido yana cikin mafi araha a duk kamfanonin. Canon suna da EF 50mm f/1.8 STM da ya fito a 2015, yana saita abu daga santimita 35. Nikon suna da AF-S DX 35mm f/1.8G na 2009, shi daga santimita 30. Ba ya zuƙowa, ƙafarka ce za ta yi gaba ta yi baya, amma wallahi shi ne ya fi kowane kaya da na mallaka yi mini aiki. Da shi nake ɗaukar yara ran sallah, da shi nake ɗaukar 'yan uwa a wurin suna cikin ɗaki ba tare da na kashe musu ido da walƙiya ba, fuska ta fito raɗau, bayanta ya narke. Wanda zai sayi ido ɗaya tal bayan na haɗi, wannan zan ce ya saya. Sai dai masu Nikon su kula, ƙananan nan jerin D3000 da D5000 babu injin saiti a cikin uwar, don haka tsohon 50mm mai harafin D a ƙarshe ba zai saita kansa a kansu ba, sai mai AF-S. Mutane da yawa sun ga araha sun saya sun dawo suna cizon yatsa.

To amma kada in yi muku irin ta yaron shago, in faɗi daɗi in ɓoye ɗaci. Babbar ƙofa tana da nata haraji. Idan ka buɗe f/1.8 kana kusa da abu, wurin da zai fito tsaf siriri ne ƙwarai, sai ka ga ƙwayar idon kifi ta fito amma wutsiya ta dushe, ko ma gashin bakin kurungu ya fito idonsa ya ɓace. Na sha baƙin cikin wannan. Idan kifin ya ba ka gefensa sosai abin yakan yi kyau, idan ya fuskanto ka sai addu'a. Maganin gaskiya shi ne a ƙara haske a tsuke ƙofa zuwa f/5.6 ko f/8, a ɗaga lambar ISO zuwa 800 ko 1600 ba tare da fargaba ba. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ya fi hoto mai santsi wanda babu kifi a cikinsa.

Nan ne maganar walƙiya ta shigo, kuma nan ne Baba ya fi yi mini faɗa. Walƙiyar da ke kan kyamara gilashi take duka ta dawo cikin ido kai tsaye, ba ta da wani amfani a gaban akwati, a kashe ta. Walƙiya ta daban ake nema, irin mai ɗan rediyo da ke tayar da ita daga nesa, a ɗora ta a saman akwatin tana kallon ƙasa, haske ya sauko daga sama yadda rana ke sauka a kogi. Yawancin ƙananan kyamarori ba sa wuce 1/200 idan ana aiki da walƙiya, amma wannan ba damuwa ba ce, domin walƙiyar kanta ta fi haka gajarta nesa ba kusa ba, ita ce ke daskarar da kifin. A shimfiɗa gilashi a bakin akwatin kafin a ɗora ta, ruwa da lantarki ba sa ga maciji. Kuma a ji tausayin dabba. Kurungu ɗan dare ne, duhu yake so, idan na yi masa biyar ko shida na ga ya shige bayan dutse sai in tattara in bar shi, gobe ma rana ce.

Akwai wani abu kuma da ya kusa zautar da ni kafin in gane shi. Sai in ɗauki hoto uku a jere, ɗaya ya yi haske, ɗaya ya yi duhu, ɗaya da ratsi-ratsi. Na zaci kyamarar ce ta lalace. Ashe wutar lantarkinmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, fitilu masu araha kuwa suna bin ta suna ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa, idonmu ba ya gani amma kyamarar da ta ƙifta da 1/250 tana kamawa. Ko dai a sauya fitila mai kyau, ko a koma 1/100 a jira kifi ya lafa, ko a koma ga walƙiya.

Shi kansa gilashin da ruwan wani ido ne da aka ƙara maka ba ka biya ba, kuma mugun ido ne. Haske yana karyewa idan ya fito daga ruwa zuwa iska, shi ya sa kifi ke bayyana kamar ya fi kusa da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Idan ka tsaya daidai, idon kyamara na kallon gilashi tsaye ba karkace ba, abin da sauƙi. Da zarar ka karkata, ko ka leƙo daga sama, sai hoto ya dushe, gefen kifi ya yi wani shuɗi-shuɗi da ja-ja, kuma babu idon miliyan nawa da zai gyara wannan. Don haka a durƙusa, a daidaita da tsayin kifin. Ni tabarma nake shimfiɗawa. Zagayayyen kwanon gilashin nan kuwa da ake sayarwa a saka kifi ɗaya, a manta da shi, ba ya hoto, kuma shi kifin ma azaba yake sha a ciki.

Inuwar ɗaki maganinta kyauta ne. A jira dare, a kashe fitilun falo da talabijin, a saki labule, a bar fitilar akwati kaɗai, a sa baƙaƙen kaya. Ni baƙin hijabi nake zurmawa, har maigidan ya taɓa fitowa tsakar dare ya gan ni durƙushe cikin duhu ya yi salati. Akwai kuma wata 'yar roba mai kama da mazurari da ake ɗaurawa a bakin ido, sai a manna ta a jikin gilashi ta toshe duk hasken gefe, ba ta kuma ƙarzar gilashin. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, amma aikinta ya fi na dogon idon da na saya. Wasu za su ce ka sayi gilashin tace ƙyalli da ake murɗawa a gaban ido. Ni ban ga amfaninsa a nan ba, yana cinye fiye da rabin hasken da dama bai ishe ka ba, kuma a karkace yake aiki, alhali mun ce kada a karkata. A goge gilashi ciki da waje tun da rana, a bar ruwa ya kwanta, kada a zuba abinci ana shirin ɗauka.

Idan abin ya shiga jini, kana son ganin ɓawon kifi ɗaya bayan ɗaya, to sai ido na uku, wanda ake kira makro. Shi ne ke ɗaukar ƙaramin abu da ainihin girmansa a kan sensa, abin da suke rubutawa 1:1. A kula, idanu masu zuƙowa da yawa ana manna musu wannan suna a jiki alhali ba su kai ko rabin haka ba. Na gaskiyar su ne irin Canon EF-S 60mm f/2.8, da Nikon 40mm f/2.8G, da Tamron 90mm f/2.8, da Canon 100mm f/2.8. A ganina gajeren 40mm bai dace da akwati ba, don kafin ya ba ka cikakken girma sai ka matso abin kamar santimita biyar, kifi kuwa yana can tsakiyar ruwa, gilashi ya tare ka. Mai 90 ko 100 yana barin tazara kusan taƙi guda, ya fi dacewa da ƙananan kifi, sai dai nauyi da tsada, kuma ba zai ɗauki akwatin gaba ɗaya ba sai ka fita falon. Ni na 60 na samu na hannu bayan na sayar da dogon nan da asara, kuma ban yi nadama ba.

Sai tambayar da kowa ke yi yanzu, mai madubi ko marar madubi? Tun 2018 Canon da Nikon suka karkata ga marasa madubi da jerin RF da Z, Sony ma ta riga su. Can sababbin abubuwa suke, wannan ba musu. Amma hakan ne ya sa masu kuɗi a Turai da Amurka ke ta sauke tsofaffin masu madubi da idanunsu, suna gangarowa kasuwar kayan hannu. Ga mai nishaɗi wannan gaba ta kai shi. Baturinsu ma ya fi jimiri, Nikon D3500 ta 2018 an auna mata hoto 1,550 a caji ɗaya, alhali ƙananan marasa madubi da yawa 300 zuwa 400 suke yi, kuma wanda ake ɗauke wa wuta ya san darajar wannan. Idan Allah ya hore daga baya ka sayi marar madubi, akwai adafta da za ta karɓi tsofaffin idanunka, ba a yi asara ba. Za a yi maka tallar cewa sababbin suna gane idon dabba su bi shi da kansu. Gaskiya ne, amma duba jerin da ke cikin kyamarar, mutum ne da kare da kyanwa da tsuntsu suka fi yawa. Kada ka biya wannan kuɗin saboda karfasa.

Sayen na hannu yana son natsuwa. A duba adadin ƙiftawar da uwar ta yi, don ƙananan an gina su ne a kan wajen 100,000. A haska tocila cikin ido, idan an ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo to fumfuna ce, a ajiye a yi gaba. A ɗauki hoton farin bango da f/16, duk ƙurar da ke kan sensa za ta bayyana. Bayan an saya kuma, kada a kuskura a cire ido a waje lokacin hunturu, ƙurar nan da ke shiga har cikin kwanon da aka rufe ba za ta bar sensa ba. Da damina kuwa a jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi a jakar, kuma kada a ajiye ta kusa da akwatin kifin.

Na san akwai mai cewa duk wannan wahala ce, ai ga waya. Ban raina waya ba. Idan ka manna ta a jikin gilashi inuwa takan ɓace, kuma a bidiyo tana ba da mamaki. Wanda burinsa ya tura wa 'yan uwa su gani, ya riƙe kuɗinsa, waya ta ishe shi, da gaske nake. Inda take gazawa shi ne a duhu dabara take yi, ta ɗauki hotuna da yawa a jere ta haɗe su wuri ɗaya, wannan kuwa sai abin da ke tsaye. Kifi ya riga ya wuce kafin ta gama lissafi.

Kada kuma a ɗauka wannan wasan yara ne. Akwai wani mutumin Japan, Takashi Amano, wanda ya rasu a 2015. Ɗan tseren keke ne da farko, kuma mai ɗaukar hoto, shi ne ya kafa kamfanin Aqua Design Amano a 1982. Hotunan akwatunansa da ya riƙa ɗauka da manyan kyamarorin fim su ne suka sauya yadda duniya ke shirya akwatin kifi, ya zama kamar daji a cikin ruwa. A shekarar da ya rasu aka buɗe aikinsa mafi girma a gidan kifin birnin Lisbon, akwati mai tsawon mita 40. Abin da ya fi ba ni haushi da daɗi a lokaci guda shi ne, kifayen da Turawa ke ji da su a irin waɗannan akwatuna wasunsu daga kogunanmu ake kwasar su. Wanda suke kira kribensis mai jan ciki daga kudancin Nijeriya da Kamaru yake, haka gartsa da dangin kurungu. Mu a nan sai dai mu tambayi nawa ne kilo.

Hoton kurungun dai na same shi a wani dare bayan kusan wata huɗu, ya fito daga bayan dutse ya ba ni gefensa, gashin bakinsa a baje, ɗigo-ɗigon jikinsa kamar an zana da alƙalami. Na kai wa Baba ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, can ya ce, "Kin durƙusa ke nan." Na ce na durƙusa Baba. Daga nan na wuce wurin mai buga mini littafi da murnata. Ya duba, ya yaba, sannan ya ce, "Hajiya hoto ya yi, amma wa zai sayi littafin soyayya da kifi a bango? Sai a zaci na koyon kiwo ne." Muka yi ta ja har la'asar. A ƙarshe 'yar Indiyar ce dai ta hau gaba, kurungu ya koma bangon baya, a ƙasan taƙaitaccen labari, kusa da inda ake rubuta farashi.